Yadda ake tayar da tsohuwar bidiyo da kaset ɗinta a Damagaram ba tare da an yi asara ba

A gidaje da yawa na Birni, Zango da Garin Malam akwai kwali ko adaka cike da kaset ɗin bidiyo da aka daɗe ba a taɓa ba. Wasu finafinan Kano ne da na Indiya, waɗannan ana iya samunsu wani wuri. Amma a cikinsu akwai na ɗaurin aure, na suna, na saukar karatu, na tarbar alhazai, na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Irin waɗannan ba su da na biyu a duniya, kuma mutane da dama da ke cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS, wato irin wannan kaset da injinsa, a 1976, kamfanin Funai kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin, ya daina a 2016. Ke nan duk bidiyon da za ka samu yau tsohuwa ce, robobinta sun bushe, kuma tana iya cinye kaset cikin ƙiftawar ido. Don haka dokar da ke kan gaba a wannan aiki ita ce: kaset ya fi inji daraja. Inji ana iya neman wani, kaset ɗin auren mahaifiyarka kuwa shi ke nan.

Kafin a jona wuta

Fara da juya injin ka karanta abin da aka rubuta a bayansa. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. Injin da ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, in ka jona shi kai tsaye zai ƙone nan take. Na Faransa, na Najeriya da waɗanda alhazai suka riƙa sayowa daga Jidda da Dubai galibi suna tafiya da wutarmu.

Sai ka kwance murfin sama, wayar wuta tana zare daga bango. Galibi ƴan kusoshi ne a gefe da baya. Abin da za ka tarar ciki ya danganta da inda aka ajiye shi: ƙurar hunturu ta shekaru, kashin kyankyaso, ƙwan tsaka, wani lokacin har gidan zanzaro. Ka share da buroshi mai laushi, ka hura iska da ƴar robar da masu gyaran waya ke amfani da ita. Kada ka hura da baki, yawu yana shiga. Ɓangaren da wayar wuta ta shiga kuma ka bar shi, akwai kayan da ke riƙe wuta ko bayan an zare.

Duba bel ɗin roba. In ya saki, ko ya tsage, ko ya narke ya zama kamar kwalta, sai an canza shi kafin komai. Ka ɗauki tsohon, ko ka auna tsawonsa da zare, ka kai wa masu gyaran rediyo da tele, irin dattawan da suka yi zamanin kaset. A wajensu ake samun matattun injuna da ake ciro kaya daga jikinsu. Shawarata ma, in ka ga injin irin naka ana sayarwa da araha, ko ya mutu ka saye ka ajiye saboda kayan gyara.

Lokacin jonawa, ka bi ta na'urar daidaita wuta. In aka ɗauke wuta ana cikin kallo, zaren kaset yana nan naɗe a cikin injin. Kada ka ja, kada ka sa wuƙa ka ɓanɓaro. Ka zare wayar daga bango, ka jira wuta ta dawo ta zauna, sannan ka jona ka danna EJECT. Bidiyo ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batirin sola da inbata sun ishe ta, kuma wannan ya fi kwanciyar hankali ranar da za a kwafe kaset mai muhimmanci.

Haɗawa da tele

Hanya mafi sauƙi ita ce waya mai kai uku: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. A jikin bidiyo ka sa su inda aka rubuta OUT, a jikin tele inda aka rubuta AV IN, sannan ka mayar da tele kan AV da telekomandi. Injin da ke da ramin sauti ɗaya kawai, farar ta wadatar. Injunan Faransa da yawa ba su da waɗannan ramuka, suna da babban rami mai ƙafa 21 da ake kira Péritel. Akwai ɗan kan da ke mayar da shi waya uku, kuma yana da maɓalli a jikinsa mai IN da OUT. Ka tabbata yana kan OUT, domin wannan ɗan maɓallin ya sa mutane da yawa sun yanke wa lafiyayyen inji hukuncin mutuwa. Sababbin tele da ba su da AV sai an sa musu ƙaramin akwati mai mayar da AV zuwa HDMI.

Yanzu ga matsalar da ta fi damun mu mutanen iyaka. Talabijin ɗin Nijar ya yi aiki da tsarin launi na SECAM kamar Faransa, Najeriya kuma da PAL. Kaset ɗin da aka ɗauka daga Télé Sahel da injin Faransa SECAM ne, wanda aka sayo daga Kano PAL ne. In ka sa ɗaya cikin injin da bai san tsarinsa ba, hoto zai fito amma baƙi da fari, sai mutum ya ɗauka launin ya mutu saboda tsufa. Launin yana nan, injin ne bai iya karanta shi ba. Nemi wanda aka rubuta PAL/SECAM ko MULTI SYSTEM a gabansa, kuma tele ɗin ma ya zama mai karɓar tsarin biyu. Kaset ɗin da ƴan'uwa suka aiko daga Amurka kuwa NTSC ne, saurin tafiyarsa ma daban, sai injin da aka rubuta masa NTSC PLAYBACK.

Kaset ɗin gwaji

Kada kaset ɗin gida ya zama na farko da zai shiga. Ɗauko wani tsohon fim da ba ka damu da shi ba, ka sa shi murfin injin yana buɗe, ka zuba ido. Za ka ga ƴan sanduna biyu sun jawo zaren sun naɗa shi jikin wani gangan azurfa da ke zaune a karkace. A jikin gangan nan kawunan da ke karanta hoto suke, kuma yana juyawa sau 1,500 a minti. Ka duba zaren yana tafiya sumul, ba ya naɗewa a gefe, kuma faifan dama na kaset yana tattara shi. In faifan dama ya tsaya zare yana zubowa cikin inji, danna STOP maza, bel ko ƴar tayar da ke juya faifan ta gaji.

Gwada PLAY, gaba, baya, STOP da EJECT, kowanne sau da yawa. Bayan ya fito, danna ɗan maɓallin da ke gefen kaset, ɗaga murfin gabansa ka kalli zaren. In gefensa ya yi ƙunci ko ya tattare, injin yana cin kaset, kuma bai cancanci a ba shi na gida ba sai an gyara. In haske mai ƙarfi yana sa injin tsayawa ko komawa baya da kansa, ba lalacewa ba ce. Yana gane ƙarshen kaset ne da haske, don haka ka yi aikin a inuwa ko ka ɗora murfin.

Wanke kawuna

Alamar datti a kai ita ce sauti yana fita lafiya amma hoto ya zama yayyafi ko shuɗi. A nan ake bukatar natsuwa, domin kawunan ƙanana ne ƙwarai kuma suna karyewa.

Zare wuta. Samo alkol mai ƙarfi, daga digiri 90 zuwa sama, wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi ya fi kyau. Na digiri 70 ruwa ya yi masa yawa. Ban da turare, ban da fetur, ban da kananzir. Yanki farar takarda mai tsabta kamar faɗin yatsa biyu, jiƙa ta kaɗan, ka ɗora ta jikin gangan ka danne da yatsa a hankali. Da ɗaya hannun ka juya saman gangan sannu a hankali, ta hannun da ya saɓa wa tafiyar agogo, kamar zagaye uku ko huɗu. Za ka ji ɗan tudu yana wucewa ƙarƙashin yatsanka, shi ne kan. Yatsan da ke riƙe da takarda ba ya motsi, musamman sama da ƙasa, don wannan motsin ne ke karya kai. Canza takarda ka maimaita har ta daina fitowa da baƙi. Auduga ba ta kusantar gangan, zarenta yana maƙalewa ya fizge kan.

Sauran hanyar zaren kuwa ana iya goge ta da tsinken auduga: sandunan da ke jan zare, kan share tsohuwar ɗauka da ke hagu, kan sauti da ke dama, da siririn ƙarfen da ke juyawa kusa da tayar roba. Tayar robar ita kanta a goge ta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, yawan alkol yana busar da ita. In ta yi ƙyalli ta taurare, canza ta ya fi. Bari komai ya bushe minti goma kafin ka sa kaset, domin zare yana mannewa jikin ganga mai danshi ya naɗe. Kaset ɗin wanke kai da ake sayarwa a da, ni ban yarda da tsohonsa ba, busasshen yana kankare kai ne kawai.

In hoton ya fito amma da layuka masu rawa a sama ko ƙasa, wannan ba datti ba ne. Nemi maɓallin TRACKING, a wasu injunan maɓallan canza tasha ne ke yin aikin yayin da kaset ke tafiya. Danna kaɗan kaɗan har layin ya fita. In kuma mutane suna gudu muryoyinsu sun sirance, an ɗauki kaset ɗin da LP ne, wato rabin sauri, yadda kaset ɗin E-180 mai awa 3 ke ɗaukar awa 6. Sai injin da ke da LP.

Duba kaset ɗin gida ɗaya bayan ɗaya

Abu na farko, kalli bayan kaset inda ake manna suna. A gefen hagu akwai ɗan harshen roba. Ɓalle shi. Muddin babu shi inji ba zai yarda ya yi ɗauka a kai ba, ko yaro ya danna REC. In ka ga an toshe ramin da salatif, cire.

Sai ka leƙa ta tagar kaset. Zare mai lafiya baƙi ne, a naɗe daidai. In ka ga fari fari kamar an barbaɗa gari, fumfuna ce, kuma tana kama kaset ɗin da damina ta same su a ɗaki mai yoyo ko a ƙasa. Ware shi daga sauran, kada ya shiga injinka mai kyau, domin zai toshe kawuna ya kuma shafa wa na bayansa. Mai ɗan kaɗan ana iya tsabtace shi: a waje, da takunkumi a hanci, a buɗe kaset, a riƙa juya faifan da hannu ana goge zaren da ƙyalle marar gashi. Aiki ne mai cin rai, zaren E-180 ya haura mita 250. Wanda ke da kaset da yawa irin wannan gara ya ware wani tsohon inji don su kaɗai.

Kaset ɗin da ya shekara ashirin a ajiye, kada ka fara da PLAY. Tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi farko, don zaren ya saki jikinsa. Kana yi kana saurare. In ka ji yana ƙara kamar kuka, ko injin yana nishi yana tsayawa, fitar da shi. Zaren ya fara ɗanko ke nan, maganin da ke riƙe hoton a jikinsa ya sha danshi. Masana suna gasa irin wannan a na'ura ta musamman mai zafi daidaitacce. Shanya shi a rana ba madadin wannan ba ne, ranar Damagaram lanƙwasa robar za ta yi. Ka sa shi cikin roba mai murfi tare da ƴan ƙunshin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, ka bar shi makonni, sannan ka sake gwadawa.

Ƙananan kaset na kyamara iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. VHS-C yana shiga cikin wani kaset babba na musamman, a sa shi a bidiyo kamar kowane. Video8 da Hi8 kuwa babu abin da zai sa su shiga bidiyo, sai kyamarar da ta ɗauke su ko irinta. In tana gidan, a adana ta da cajarta.

In inji ya cinye zare

Zare wuta, buɗe murfi. Wanke hannu ka shanya. Ɗaga zaren daga jikin sanduna da ganga a hankali, kada ya taɓa man da ke kan hanyar sandunan. In kaset ya ƙi fitowa, akwai ƙaramin moto a gefe da ke ɗaga shi, ana juya tayarsa da yatsa har ya taso, kana riƙe da murfin kaset don kada ya datse zaren. In abin ya fi ƙarfinka, ɗauki injin da kaset ɗin a ciki ka kai wa mai gyara, ka ce masa: "Malam, kaset ɗin nan nake so da rai, injin ko ya mutu ba komai." Faɗin haka yana da amfani, don shi hankalinsa kan inji yake.

Da ya fito, juya kaset. A tsakiyar ƙasansa akwai rami, tura bakin biro ciki, birkin faifan zai saki, sai ka juya faifan da yatsa zaren ya koma. Wurin da ya tattare zai riƙa nuna layi na ƴan daƙiƙu, wannan sai haƙuri, kada a sa masa dutsen guga.

In ya tsinke, kwance kusoshi biyar da ke ƙasa, yanka takardar suna ta baya da reza, juya kaset fuskarsa sama kafin ka ɗaga murfin, in ba haka ba ƴan ƙarafan ciki za su watse. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa komai. Yanke wurin da ya lalace, haɗa bakin biyu daidai ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ka manna siririn salatif ta bayan zaren, wato fuskar da ke kallon cikin kaset. Fuskar waje ita ke gogar kai, ɗanko bai kamata ya taɓa ta ba. Aske abin da ya fito gefe. Kaset ɗin da aka yi wa wannan ɗinki sau ɗaya za a kunna shi, ranar kwafewa. In gidan kaset ne ya fashe, ana ɗauke faifan biyu a mayar cikin gidan wani.

Ajiya a garinmu

Abokan gabar kaset uku ne, kuma duk muna da su: zafi, ƙura, danshi. Masu adana kayan tarihi suna ajiye shi wajen digiri 18 zuwa 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Ba za mu kai nasu ba, amma ana ragewa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Kada a ɗora kwalin saman kabad kusa da rufi, nan zafi ke taruwa, kada kuma a ajiye shi a ƙasa inda ruwa da gara za su same shi. Tsakiyar kabad, jikin bangon da rana ba ta duka.

A mayar da kowane kaset farko, a sa shi cikin kwalinsa, a jera su a tsaye, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. A nisanta su da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, domin hoton da maganaɗisu aka rubuta shi. Hayaƙin turaren wuta da na garwashi yana barin maiƙo a kan zare da kawuna, saboda haka ɗakin da ake turare kullum bai dace da inji ba. Lokacin hunturu a rufe shi da zane in ba a aiki da shi, a yaye in an kunna don ya sha iska. Da damina, ko in an fito da shi daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafi, raɓa tana kwanciya jikin ganga. Wasu injunan suna rubuta DEW su ƙi aiki. A bar shi a kunne babu kaset awa ɗaya ko biyu. Kada a kwana da kaset a ciki, kada a daɗe kan PAUSE tunda gangan yana ci gaba da gogar wuri ɗaya, kuma a cire batir daga telekomandi kafin ya zubar da ruwa. Ko ba a bukatarsa, a riƙa kunna injin da kaset ɗin gwaji sau ɗaya a wata don robobi da mai kada su daskare.

Kwafewa

Duk wannan wahala don a kai ga nan ne. Kowace kunnawa tana ɗan rage kaset, kuma injin ba zai dawwama ba, don haka da zarar hoto ya fito da kyau a kwafe. Ana bukatar kwamfuta da ƴar na'urar USB mai ramukan rawaya, fari da ja. Manhajar OBS Studio kyauta ce kuma tana yin aikin. A zaɓi PAL ko SECAM daidai da abin da injin ke fitarwa, girman hoto 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. A bar shi da siffarsa ta tsohuwar tele, kada a miƙe shi ya cika faffaɗan allo mutane su koma gajeru masu faɗi. Ɗauki minti biyu ka duba hoto da sauti suna tafiya tare kafin ka saki duka.

Babu gajeriyar hanya, kaset mai awa 3 awa 3 zai ci, kuma sai kana zaune kusa saboda TRACKING da tsaron kada inji ya ci zare. Fara da mafi daraja da mafi tsufa. Ka bar shi ya kai ƙarshe ko biki ya ƙare, don sau da yawa akwai wani abin da aka ɗauka a baya wanda ba a rubuta a jiki ba. Ɗaukar fuskar tele da waya dabara ce ta ƙarshe, ga wanda ba shi da wata hanya.

In wani za ka ba ya kwafe maka, kai masa kaset ɗaya tukuna ka ga aikinsa, ka rubuta sunan gidanku a jikin kowanne, kuma ka karɓi kaset ɗinka tare da kwafin. Akwai hotunan mata da na cikin gida da bai kamata su yi yawo ba, sai ka yi sharaɗi ya goge nasa bayan ya ba ka.

Kwafi ɗaya bai isa ba. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kan kile ko faifan ajiya a gidan wani ɗan'uwa, in da hali na uku a intanet. Wajen tura wa dangi ta WhatsApp, a aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse shi hoton ya ƙara dushewa. Kowane fayil a ba shi suna mai bayani: bikin wa, wace unguwa, wace shekara. Sannan a zauna da Hajiya ko Baba a kalla tare, da littafi a hannu, ana tsayarwa ana rubuta sunan duk wanda suka gane da mintin da ya fito, a ɗauki hoton shafin a ajiye shi wuri ɗaya da fayil ɗin. Kaset ɗin kansa a mayar da shi kabad, domin in kwafin farko bai yi kyau ba, ko aka sami injin da ya fi, za a sake bukatarsa.